3.4 Dangantakar Awo da Kariya a Layin Lantarki na Cahora Bassa

Wannan sashe zai yi bayani ne a kan yadda kariyar dogon layin lantarki ta rataya ga ingancin awon da ake yi masa. An ɗauki layin Cahora Bassa a matsayin misali. Layin ya taso daga Songo a ƙasar Mozambik, kusa da madatsar ruwa ta kogin Zambezi, ya dire a tashar Apollo da ke kusa da Johannesburg a Afirka ta Kudu. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 1,400, kuma an gina shi domin ya ɗauki amfiya 1,800 a kan kilobolt 533.

Lantarkin da ke bin wannan layi miƙaƙƙe ne, wato yana kwarara ta fuska ɗaya, saɓanin mai kai-da-komo na gidaje wanda ƙarfinsa ke sauka zuwa sifiri sau 100 a daƙiƙa guda. Wannan bambanci ya haifar da matsaloli biyu. Taransifomar awo da aka saba da ita ba ta jin miƙaƙƙen lantarki, domin aikinta ya dogara ga sauyawar maganaɗisu. Saboda haka ake amfani da wasu na'urori na musamman, waɗanda a yau wasunsu kan aiko da sakamakon awon ta zaren gilashi. Haka kuma, idan tsawa ko wutar daji ta sa lantarki ya yi tsalle zuwa ƙasa, tartsatsin ba ya mutuwa da kansa. Dole sai tashar da ke aikowa ta janye ƙarfinta na ɗan lokaci ƙasa da daƙiƙa ɗaya, sannan ta maido.

A nan ne awo ya zama ginshiƙi. Ɗaya daga cikin hanyoyin kariya ita ce kwatanta abin da ya shiga layi da abin da ya fita. In aka sami giɓi, to lantarki yana zurarewa a wani wuri. Sai dai kuskuren kashi 1 cikin 100 a amfiya 1,800 ya kai amfiya 18. Idan aka tsananta na'urar kariya ƙwarai, za ta ɗauki wannan kuskure a matsayin zurara, ta katse lafiyayyen layi. Idan kuwa aka sassauta mata, ƙaramar zurara ta gaskiya za ta wuce ba a gani ba, kuma a ganin wannan nazari wannan ta fi haɗari, domin tartsatsin zai ci gaba da cin waya da kwalaben da ke riƙe da ita.