Kafin ka biya haya a Mararaba, tambayi inda ruwan gidan yake fitowa

Idan dillali ya kai ka ganin ɗaki a Mararaba ko Masaka, kuɗin haya za ka fara tambaya, sai maganar wuta. Batun ruwa kuwa ba ya tasowa sai iyali sun tare.

Tun da gwamnatin tarayya ta baro Legas zuwa Abuja a Disambar 1991 jama'a ke kwararowa neman abinci. Hayar cikin birni ta fi ƙarfin mai gadi da ɗan tireda da ƙaramin ma'aikaci, sai suka gangara bakin iyaka. Rusau ɗin da aka yi lokacin da Nasir El-Rufa'i yake minista, daga 2003 zuwa 2007, ya ƙara turo wasu. To amma garuruwan nan biyu suna ƙaramar hukumar Karu ne ta jihar Nasarawa. Kana wuni kana yi wa Abuja aiki, amma ruwan madatsar Usuma ba ya biyo ka gida. Kowa sai ya haƙa rijiyarsa, ko ya jira 'yan ga-ruwa.

Nan matsalar take. Masana lafiya suna so a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai. Fili mai ƙafa 50 da 100, wanda aka fi yankawa, tsawonsa gaba ɗaya mita 30 ɗin ne. Ko mai gidanka ya kiyaye, ramin masan maƙwabci yana jikin katangarku. Da damina ta sauka, kwata ta cika, ƙazanta sai ta tsiyaya cikin rijiyar da ba ta da zurfi. A 2021 sama da mutum 100,000 aka yi zaton sun kamu da kwalara a ƙasar nan, fiye da 3,000 suka rasu.

Don haka ka zaga gidan da ƙafarka kafin ka ba da ko sisi. Ka ga bakin rijiyar, ka ga masan. Mai kurar da zai riƙa kawo muku ruwa, ka bi shi sau ɗaya ka ga inda yake ɗiba, ka leƙa cikin jarkokinsa.

Uwargida, ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa sinadarin kulorin, a rufe randa, moɗa ɗaya tak. Idan gudawa ta kama yaro, ki haɗa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri, ki riƙa ba shi kuna hanyar asibiti. Kada ki jira maigida ya fito daga cunkoson Nyanya.