An cire kuɗi, ba su isa ba: yadda rajistar manhaja ke gano inda suka maƙale

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, 'yan kasuwa da dama a Gaya da Ajingi suka rungumi na'urar POS da tura kuɗi ta waya. Sai sabuwar rigima ta biyo baya: an cire kuɗi daga asusun mai saye, mai sayarwa kuma ya rantse bai ga komai ba. Abin da ke raba wannan gardama shi ne rajistar da manhajar banki take ajiyewa.

Ana gina manhaja ne da ƙananan ayyuka masu suna, waɗanda masana ke kira fankshin. Wani ya duba abin da ke cikin asusu, wani ya cire kuɗin, wani ya miƙa saƙo ga NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan Najeriya. Gogaggen mai rubuta manhaja yakan sa a rubuta layi guda duk lokacin da aka kira ɗaya daga cikinsu: sunan aikin, lokacin kiran har zuwa daƙiƙa, abin da aka ba shi, da amsar da ya mayar. Ma'aikacin sakatariya ya san irin wannan, domin haka littafin shige da ficen fayil yake. Ofishin da aka ga shigar fayil ba a ga fitarsa ba, nan za a fara tuhuma.

A harshen Python ba sai an taɓa cikin aikin ba. Ana ɗora masa wani lulluɓi ne da zai riƙa rubuta shigarsa da fitarsa. Masu amfani da Java kuwa sukan dogara da Log4j.

Zaren da ke ɗinke layukan shi ne lambar shaidar ciniki, wadda ke da alƙaluma 30 a tura kuɗi tsakanin bankuna. Da ita ake bin sawu, don haka kada a yar da rasit. A 2020 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su warware ƙorafin POS cikin awa 72, wa'adin da ba zai cika ba in babu rajista mai kyau.

Sai dai rajistar da ta kwashe komai haɗari ce. Lambar sirrin kati ba ta da gurbi a cikinta sam. A Disambar 2021 ma an bayyana wa duniya wata ɓaraka a Log4j ɗin kansa, wadda ta ba masu kutse damar juya kwamfutocin kamfanoni daga nesa ta hanyar saƙon da aka rubuta a rajista.