Ko Kun Sani? Kaushin ƙasan kogi na rage gudun ruwa

Saurin ruwa a kogi ya dogara da gangarensa, da zurfinsa, da kuma kaushin ƙasan da yake bi. Don auna wannan kaushi a ɗakin gwaji, injiniyoyi kan gina doguwar magudana mai bangon gilashi. Sukan tankaɗe yashi ko tsakuwa har ƙwayoyin su zama girma ɗaya, su manna su a ƙasanta da gam, sannan su saki ruwa su auna zurfinsa da saurinsa. Daga nan ake fitar da lambar kaushi ta lissafin da Robert Manning, injiniya ɗan ƙasar Ireland, ya gabatar a 1889. Lambar siminti mai santsi kusan 0.013 ce, ta kogin da ciyawa ta cushe kuwa takan kai 0.1.

Ana ganin irin wannan cushewa a fadamar kogin Haɗejiya, inda ciyawar kacala ta zama babbar matsala. Bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ruwa ya riƙa zama har da rani, kacala ta samu wurin yaɗuwa. Tana rage gudun ruwa, laka ta kwanta, hanyar ta cike, sai ruwan ya malala gonakin manoma.