Ciwon kan da ke lafawa idan an kwanta

Har gobe akwai matan da ke gudun tiyatar haihuwa saboda jita-jitar cewa allurar baya tana zuƙe ruwan ƙwaƙwalwa, ta bar mace da ciwon kai na har abada. Ruwan dai yana nan, kimanin mililita 150 ne a jikin baligi, ya kewaye ƙwaƙwalwa da laka a cikin wani tantani. Sai dai jiki na samar da kusan mililita 500 a kullum, don haka ba ya ƙarewa. Matsalar ita ce yoyo.

Ƙwaƙwalwa tana shawagi ne a cikin ruwan nan kamar moɗa a randa. Idan randa ta tsage a gindi, ruwa ya ja baya, moɗa ma ƙasa za ta yi. Mutum na miƙewa sai ƙwaƙwalwa ta ɗan sauka ta ja jijiyoyi, kai ya ɗau sara, galibi ta ƙeya, wani lokaci da sanƙarewar wuya, tashin zuciya da ƙara a kunne. Yana kwanciya sai ya lafa. Likitan Jamus August Bier, wanda ya fara wannan allura a 1898, shi kansa ya sha wannan ciwon. Hujin allura yakan toshe cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Wanda ya fi damuna shi ne mutumin da allura ba ta taɓa bayansa ba. Faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana iya gocewa, ya taurare ya yi tsini, ya yagi tantanin. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, yawancin masu gocewar faifai ba sa samun yoyo. Amma wanda abin ya sama sai ya yi watanni tsakanin kemis da ɗakin gwaji, yau maleriya, gobe taifot, jibi a ce sammu ne. Ma'aikacin lafiya ya rubuta gwajin Widal, bai tambayi lokacin da ciwon ke tashi ba, alhali tambayar ba ta cin ko sisi.

Hoton MRI yakan nuna alamun. Magani kuma akwai: a ɗebi jinin majinyacin, kamar mililita 20, a zuba kusa da hujin ya daskare ya toshe shi. Idan tsinin ƙashi ne ya hana warkewa, sai tiyata.

Duk mai ciwon kan da ke tashi a tsaye ya lafa a kwance, ya fara gaya wa likita wannan kafin komai, kuma ya nemi a tura shi asibitin koyarwa.