Daga titi zuwa fili: Yadda matasan kanikawa suka kafa tseren motoci na mita 402 a Amurka

A ranar 8 ga watan Maris na 1970, a filin tseren motoci na Lions da ke kudancin birnin Los Angeles a Amurka, koriyar fitila na kamawa direba Don Garlits ya taka motarsa. Ko nisa bai yi ba akwatin giya ya tarwatse. Ƙarfin fashewar ya raba motar gida biyu, ya kuma datse masa wani sashe na ƙafar dama.

A lokacin babu direban da ya kai Garlits suna a wannan wasa da Amurkawa ke kira drag racing. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: motoci biyu za su tsaya kafaɗa da kafaɗa, su tashi lokaci guda a kan miƙaƙƙiyar kwalta mai tsawon rubu'in mil, wato mita 402, kusan tsawon filin ƙwallo huɗu. Babu kwana, babu zagaye. Wanda aka bari a baya ya fita daga gasa, a ci gaba da karawa har saura mutum ɗaya.

Wasan ya faro ne a hannun matasan kanikawa marasa jari, kuma kusan kowace dokar kariya da ke cikinsa sai da wani ya ji ciwo ko ya rasa rai kafin a kafa ta.

Akwala da busassun tafkuna

A shekarun 1930 Amurka na cikin matsin tattalin arziki, amma tsofaffin motoci sun yi arha. Kamfanin Ford ya ƙera motar Model T sama da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927, don haka duk inda ake jibge matattun motoci akwai ta. Matasan kudancin jihar Kaliforniya kan sayi irin wannan akwala, su cire rufi da gilashi da marfin taya da duk abin da ke ƙara nauyi. Da Ford ya fitar da inji mai silinda takwas mai rahusa a 1932, sai suka koma ɗora shi a kan waɗannan ƙananan motoci suna ƙara masa ƙarfi a garejin gida. Irin waɗannan motoci ne ake kira hot rod.

Wurin gwajinsu shi ne busassun tafkunan hamadar Mojave, musamman na Muroc, inda ƙasa ke shimfiɗe kamar daɓe. Da farko motoci da yawa ke tashi tare. Ƙurar na gaba kan rufe wa na baya ido, a yi ta karo, ga shi asibiti na nesa. A 1937 kulob-kulob na matasan suka haɗu suka kafa ƙungiyar SCTA, wadda ta tsara auna gudun kowace mota da agogo. Daga baya sojoji suka karɓe Muroc, wurin da a yau yake sansanin sojin sama na Edwards, sannan Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da komai.

Bayan 1945 samarin suka dawo daga fagen daga da ɗan kuɗi a aljihu da ƙwarewar gyaran jirage da tankokin yaƙi. Hamada ta yi nisa, titi kuwa na bakin ƙofa. Da dare sukan tare hanya a bayan gari, ko su kara daga wannan fitilar hanya zuwa ta gaba. Haɗurra suka yawaita, jaridu suka mayar da sunan hot rod tamkar zagi, ƴan sanda kuma suka shiga kame.

Filin jirgin Santa Ana

Mafitar ta fito ne daga wani abin da yaƙin ya bari: titunan saukar jiragen sama da ba a amfani da su. A 1949 aka shirya tsere da izinin hukuma a Goleta, kusa da Santa Barbara. A 1950 wani mai gareji, C.J. Hart, da abokansa biyu, Creighton Hunter da Frank Stillwell, suka samu amincewar hukumomin filin jirgin sama na gundumar Orange a Santa Ana, suka fara tsere duk ranar Lahadi. Shi ne filin farko da ake biya a shiga, ana kuma yi kowane mako.

Hart ya kasa motoci aji-aji, don kada mai ƙaramin inji ya kara da wanda ya fi ƙarfinsa. Ya sa agogon auna gudu, ana kuma duba mota kafin ta hau layi. Matarsa Peggy ma tana cikin masu tuƙi.

A nan ne siffar motar ta soma canzawa. A hamada ana neman ƙurewar gudu ne bayan doguwar tafiya, a mita 402 kuwa saurin tashi shi ne komai, kowane kilo ɗaya na nauyi asara ne. Wani matashi, Dick Kraft, ya tuɓe tsohuwar Ford har ya rage saura shasi da inji da kujera da taya huɗu. Ya raɗa mata suna The Bug, kuma ana lissafa ta cikin motocin farko da aka haɗa don wannan tsere kaɗai.

Mutumin da ya shawo kan ƴan sanda

Wally Parks, wanda aka haifa a 1913, ya yi tsere a hamada, ya yi aikin soja, ya shugabanci SCTA, sannan ya zama editan mujallar Hot Rod da aka fara bugawa a Janairun 1948. A 1951 ya kafa ƙungiyar NHRA da manufar kwashe matasa daga titi zuwa fili mai doka.

Ya samu abokan tafiya inda ba a zata ba. A garin Pomona, shugaban ƴan sanda Ralph Parker da wani sajan mai suna Bud Coons sun lura cewa kame bai rage tseren dare ba. Suka taimaka wa matasan garin suka samu wuri a harabar filin baje koli na gundumar Los Angeles. A can NHRA ta yi gasarta ta farko a watan Afrilun 1953, kuma har yau ana tsere a wurin.

A 1954 ƙungiyar ta tura ayari ƙarƙashin Coons, da mota mai jan tirela cike da agogo da lasifika da wayoyi. Gari-gari suke bi, su gana da magajin gari da ƴan sanda, su koya wa kulob na yankin yadda ake duba mota da yadda ake nisanta ƴan kallo daga layi. A 1955 aka yi gasar ƙasa ta farko a wani tsohon filin jiragen yaƙi a Great Bend ta jihar Kansas. Ruwan sama ya katse ta, sai daga baya aka ƙarasa a jihar Arizona, inda Calvin Rice ya lashe.

Agogo bai san launin fata ba, abin da ya sa filin ya buɗe wa mutanen da aka rufe wa ƙofa a wasu wasanni. Kulob ɗin Bean Bandits na San Diego, wanda akasarin mambobinsa ƴan asalin Meziko ne, karo-karo suke yi su haɗa mota, kuma sun gagari masu kuɗi a farkon shekarun 1950. A farkon shekarun 1960, lokacin da wariya ke da ƙarfi a kudancin ƙasar, motar Willys ta tawagar Stone, Woods da Cook na cikin waɗanda suka fi farin jini: masu ita baƙaƙen fata ne, direbanta Doug Cook farar fata. A 1966 Shirley Shahan ta zama mace ta farko da ta ci babbar gasar NHRA.

Man da aka haramta

Abu uku suka ɗaga gudu a shekarun 1950. Na farko injin Hemi da kamfanin Chrysler ya fitar a 1951, wanda ya fi tsohon injin Ford shaƙar iska. Na biyu sabon zubin mota da Mickey Thompson ya yi suna da shi a 1954, inda direba ke zama can bayan tayoyin baya domin nauyi ya danne su, su kama kwalta maimakon su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Na uku sinadarin naitirometen a madadin man fetur. Shi wannan sinadari yana ɗauke da iskar oksijin a jikinsa, don haka inji na iya ƙona mai yawa a bugu ɗaya, ƙarfi ya ninka.

A 1955 Lloyd Scott ya haura kilomita 240 a sa'a da mota mai inji biyu. A Fabrairun 1957 Emory Cook ya kai kusan kilomita 269 a filin Lions. Birki da tayoyi da tsawon wurin tsayawa duk ba su dace da wannan gudu ba, lamarin da ya sa NHRA ta haramta sinadarin a wannan shekara.

Sai dai haramcin bai kama kowa ba. Filayen da ba sa ƙarƙashin ƙungiyar suka ci gaba, ƴan kallo kuma suka bi su. A ƙarshen 1957 Garlits, ɗan garin Tampa a jihar Fulorida da ke haɗa motocinsa da kansa, ya kai kilomita 284. Ƴan Kaliforniya ba su yarda ba, har sai da wani kulob ya biya shi ya zo babbar gasar Bakersfield a Maris na 1959, wadda Art Chrisman ya lashe. A 1963 NHRA ta soma janye haramcin, a 1964 kuma Garlits ya kai kilomita 324 a sa'a.

Direbobin sun biya wannan gudu da jikinsu. Mai zama a bayan inji, duk abin da ya fashe shi yake fara samu: wuta, tafasasshen mai, guntayen ƙarfe. A 1959 wuta ta ƙone Garlits a hannuwa da fuska a Chester ta jihar Karolina ta Kudu. Irin waɗannan haɗurra ne suka kawo rigar da wuta ba ta ci, da lemar tsayar da mota, da murfin ƙarfe mai kauri a kan kuloci. A 1963 aka maye gurbin mai ɗaga tuta, wanda ke tsayawa tsakanin motoci biyu, da jerin fitilu.

Inji ya koma baya

A gadon asibiti bayan haɗarin 1970 Garlits ya fara zanen motar da direba zai zauna a gaba, inji a bayansa. Wasu sun gwada haka kafin shi, motocin na ƙwace musu idan gudu ya yi gudu. Shi da abokan aikinsa suka gano cewa sitiyarin ne ke saurin amsawa fiye da kima, suka rage masa kaifi. A Fabrairun 1971 ya ci gasar Pomona da sabuwar motar, kuma cikin shekara biyu kusan duk manyan direbobi sun koma wannan zubi.

A yau motocin ajin ƙoli na wuce kilomita 530 a sa'a cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu. Bayan mutuwar direba Scott Kalitta a jihar New Jersey a Yunin 2008, NHRA ta rage wa masu amfani da naitirometen tsawon layi zuwa mita 305.

Filayen da aka fara a kansu kuwa yawancinsu babu su. An rufe na Santa Ana a 1959, wurin ya zama filin jirgin sama na John Wayne. An rufe Lions a 1972. Tsadar filaye da ƙorafin maƙwabta kan ƙara sun ci wasu da dama a kudancin Kaliforniya, kuma har yanzu ƴan sandan Los Angeles na fama da matasan da ke tare titi da dare suna tsere.