Marsha Linehan: Majinyaciyar da ta Zama Mai Ba da Shawara

A 1961 aka kwantar da Marsha Linehan, tana da shekara 17, a asibitin masu taɓin hankali da ke Hartford a Amurka. Ta kan ƙona wuyan hannunta da taba sigari, ta yanki jikinta. Wata 26 ta yi a can.

Bayan an sallame ta da wani lokaci, sai ta tafi Chicago, ta kama aikin akawu a wani kamfanin inshora, da dare kuma tana karatu a Jami'ar Loyola, har ta samu digirin digirgir a fannin halayyar ɗan Adam a 1971. Ta kuma zauna gaban malaman addinin Buda tana koyon natsuwa.

A Jami'ar Washington ta gina hanyar jinyar da ake kira DBT, domin masu yunƙurin kashe kansu. Ginshiƙinta biyu ne: mutum ya karɓi kansa yadda yake, sannan ya dage ya sauya halinsa. Sai a 2011 ta bayyana wa duniya tarihin ciwonta.

Ina ganin darasin ya shafe mu. Wanda ya warke daga ciwon ƙwaƙwalwa, in ya haɗa da ilimi, zai iya riƙe hannun wani. Kada mu rufe masa ƙofa.