Harshen Tangaraho da Kunne Ake Koyonsa

Ranar 1 ga Fabrairu 1999 manyan jiragen ruwa suka daina dogara da harshen tangaraho na Morse wajen neman ɗauki, suka koma ga tauraron ɗan Adam. A 2003 taron Hukumar Sadarwa ta Duniya a Janiba ya janye sharaɗin iya Morse ga mai neman lasisin rediyon sha'awa a gajeren zango, Amurka kuma ta soke jarrabawarsa a 2007. Sai aka ɗauka an yi wa abin jana'iza. Ga shi har gobe masu wannan sha'awa suna bugawa a zangon mita 20 da na mita 40, babu wanda ya tilasta musu. Waɗanda suka ɗore a kai, a ganina, su ne waɗanda suka karɓe shi a matsayin sauti, kuma nan ne sabon shiga ya fi yin tuntuɓe.

Tsarin ba shi da wuya. Sauti biyu ne, gajere da dogo, masu abin suna ce musu "dit" da "da". Dogon ya ninka gajeren sau uku; tsakanin harafi da harafi a bar tazarar gajere uku, tsakanin kalmomi bakwai. Harafin E gajere ɗaya ne tak, T dogo ɗaya, domin su suka fi yawan fitowa a Turanci. Ganin wannan sauƙi sai mai koyo ya buga jadawali ya manna a bango yana haddar ɗigo da layi. Idan sauti ya zo, zai ƙirga, ya hango jadawalin a zuci, sannan ya rubuta. Kafin ya gama, haruffa biyu sun wuce shi. Irin wannan yakan cije a wajen kalma goma a minti, ya yi wata da watanni bai motsa ba. Ku dubi mahauci da kalangu. In makaɗi ya saki takensa, ba ya tsayawa ƙirga bugu, tsam yake miƙewa, don kiɗan ya kira sunansa. Haka ƙwararre yake jin "da-dit-da-dit, da-da-dit-da": CQ ce, kiran duk wanda ke sauraro, dunƙule guda take shiga kunnensa.

Wani zai ce ai da rarrafe yaro kan tashi, me zai hana a fara a hankali? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai harafin da aka ja shi a hankali kamarsa takan sauya, ya wargaje ya koma ɗigo-ɗigo, ƙirgen da ake gudu ya dawo. Masanin halayyar ɗan Adam Ludwig Koch na Jamus ya gwada wata hanya a shekarun 1930: a fara da haruffa biyu kacal, amma da cikakken saurinsu, in mai koyo ya kama kashi 90 cikin ɗari a ƙara masa na uku. Hanyar Farnsworth kuma tana barin harafi da saurinsa, ta faɗaɗa tazarar da ke tsakani don ƙwaƙwalwa ta numfasa. Rarrafen yana nan ke nan, a yawan haruffa da tazara aka sa shi. Minti goma sha biyar kullum sun fi zaman awa uku ranar Lahadi.

Suka mafi nauyi da ake yi wa Morse ita ce ta kwamfuta. Tsarin FT8, wanda Joe Taylor mai kyautar Nobel da Steve Franke suka fitar a 2017, yana tsamo saƙo daga cikin hayaniyar da kunne ba ya jin komai. Wannan ba abin musu ba ne. Amma saƙon FT8 gajere ne ƙwarai, yawanci lambar kira da wuri da ƙarfin sigina, kuma sai da kwamfuta mai daidaitaccen agogo. Morse kuwa hira ake yi da shi, da 'yar na'urar da mutum zai harhaɗa da hannunsa, da batir, da waya rataye a bishiya. Faɗin da yake ci a iska bai fi 'yan ɗaruruwan haz ba, alhali murya tana neman kusan 2,400, shi ya sa wat biyar kan tsallaka teku in yanayi ya yi kyau. Gajerun alamominsa ma sun rage shingen harshe: QTH na nufin inda kake, 73 gaisuwar sallama. Mai lambar kira da ta fara da 5N daga Najeriya, ko 5U daga Nijar, zai gaisa da Bajafane ko da ba su da kalma ɗaya ta tarayya. Matsalar Bahaushe ɗaya ce: jadawalin duniya ba shi da ɓ, ɗ da ƙ, don haka masu hira da Hausa sai su buga b, d da k, ma'anar jimla ta raba "kafa" da "ƙafa".